Ƙudurin Tonkin: 'yan majalisar Amurka sun san abin da suka amince da shi

A ranar 7 ga Agusta 1964, Majalisar Wakilan Amurka ta amince da ƙudurin da ya ba Shugaba Lyndon Johnson ikon ɗaukar duk matakin da ya ga ya dace a kudu maso gabashin Asiya, har da amfani da soja. Ƙuri'a 416 suka goyi baya, babu ko ɗaya da ta ƙi. A Majalisar Dattawa 88 suka amince, biyu suka ƙi: Wayne Morse na jihar Oregon da Ernest Gruening na Alaska. Da yaƙin Biyetnam ya dagule daga baya, da yawa cikin waɗanda suka ɗaga hannu sai suka ce an yaudare su ne. An yi yaudara, gaskiya ne, amma a ganina ba ta isa ta wanke su ba.

Ga yadda yaudarar take. Ranar 2 ga Agusta, ƙananan jiragen ruwa uku na Biyetnam ta Arewa, ƙasar 'yan gurguzu, sun kai wa jirgin yaƙin Amurka mai suna Maddox hari a mashigin tekun Tonkin. Wannan ya faru. Abin da gwamnati ta ɓoye shi ne, kwana biyu zuwa uku kafin nan, dakarun Biyetnam ta Kudu da Amurka ke ɗaukar nauyinsu sun yi luguden wuta kan tsibiran Hon Me da Hon Nieu na Biyetnam ta Arewa, shi kuma Maddox yana sintirin leƙen asiri ne a yankin. Hari na biyu, na daren 4 ga wata, wanda shi ne ya tunzura majalisa, bai auku ba kwata-kwata. Kwamandan sintirin, John Herrick, ya aika saƙo cikin sa'o'i kaɗan cewa mummunan yanayi da ɗokin masu sauraren na'urar ƙarƙashin ruwa sun sa rahotannin cikin shakku, ya nemi a sake bincike kafin a ɗauki mataki. Ba a jira ba. Johnson ya yi jawabi ta talabijin a daren, jiragen sama suka kai farmaki kan sansanonin jiragen ruwa da rumbun mai na Vinh a Biyetnam ta Arewa. Sai a 2005 aka saki binciken hukumar tsaro ta NSA da ya tabbatar babu harin.

To amma a duba abin da aka faɗa a zauren majalisa. Sanata John Sherman Cooper ya tambayi William Fulbright, wanda ke jagorantar ƙudurin, ko wannan na nufin an ba shugaban ƙasa izini tun kafin lokaci ya yi amfani da ƙarfin da zai iya kai ƙasar ga yaƙi. Fulbright ya ce haka shi ma ya fahimta. Sanata Gaylord Nelson ya so ya ƙara gyaran da zai taƙaita aikin Amurka ga bayar da shawara da horo. Fulbright ya lallashe shi ya janye, don kada a ɓata lokaci. Ƙudurin ba shi da ranar ƙarewa, bai ƙayyade yawan soja ba, bai ƙayyade kuɗi ba. Ko da harin na biyu ya tabbata, wane dalili ne zai sa a ba da takarda irin wannan saboda harin da bai kashe ko matuƙi ɗaya ba?

Dalilin na cikin gida ne. Saura wata uku zaɓe, kuma Barry Goldwater, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Republican, yana zargin Johnson da sanyin jiki a gaban 'yan gurguzu. 'Yan Democrat ba su manta yadda aka ɗora musu laifin faɗawar ƙasar Sin hannun Mao a 1949 ba, da yadda Sanata Joseph McCarthy ya yi ta farautar mutane da sunan kwaminisanci. Ga kuma ra'ayin da Shugaba Eisenhower ya bayyana a 1954, cewa in ƙasa ɗaya ta faɗa hannun 'yan gurguzu, maƙwabtanta za su bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ɗan siyasar da ya ce a dakata a bincika, ya san abin da abokin takararsa zai yi da maganar. Gudun wannan abin kunya ne ya cika zauren da ƙuri'u, ba sanin Biyetnam ba.

Jama'a kuwa an sayar musu da yaƙin ne kaɗan-kaɗan, kamar mai cin bashi a wurin mai shago, ba a taɓa nuna musu jimilla ba. A watan Oktoba 1964, a garin Akron, Johnson ya ce ba zai tura samarin Amurka su yi aikin da ya kamata samarin Asiya su yi da kansu ba. Ya ci zaɓe da kashi 61 cikin ɗari. A ƙarshen shekarar sojan Amurka a Biyetnam ba su wuce kimanin 23,000 ba. A watan Maris 1965 aka fara ruwan bama-bamai ba ƙaƙƙautawa kan Arewa, sojojin kundumbala 3,500 suka sauka a Da Nang, a Biyetnam ta Kudu, da sunan gadin filin jirgin sama. Ranar 28 ga Yuli Johnson ya sanar da ƙara yawan soja daga 75,000 zuwa 125,000, da ninka ɗiban samari na tilas daga 17,000 zuwa 35,000 a wata. Da rana tsaka ya faɗe shi, a taron manema labarai, ba da dare ba lokacin da kowa ke gaban talabijin. Ya ƙi kiran sojojin ko-ta-kwana, ya ƙi neman ƙarin haraji, domin kowanne zai jawo muhawara a majalisa ya kuma taɓa shirye-shiryensa na yaƙi da talauci. Ƙarshen 1965 soja sun kai 184,000. Ƙarshen 1968 sun haura 536,000.

Goyon bayan na gaske ne, kada a musa. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup a Agusta 1965, kashi 24 ne kacal suka ce tura sojan kuskure ne. Amma goyon bayan da aka gina kan ɓoye farashi yakan zube idan farashin ya bayyana. A Agusta 1967 Johnson ya nemi ƙarin haraji na kashi 10, ga gawarwaki na ta dawowa gida. A Oktoba, karon farko, masu cewa kuskure ne suka rinjayi masu cewa ba kuskure ba ne. Janar Westmoreland, kwamandan sojan Amurka a Biyetnam, ya zo Washington a Nuwamba yana cewa an fara hango ƙarshen yaƙin, sai ga farmakin Tet, babban harin ba-zata da 'yan gurguzu suka kai biranen Kudu a ƙarshen Janairu 1968, sai ga labarin yana neman ƙarin soja 206,000. A nan ma a lura: ba duk mai cewa kuskure ne yake son a janye ba. Da yawa haushinsu shi ne ba a buga da ƙarfi an gama ba.

Majalisa na da makamin da ya fi ƙuduri kaifi, wato kasafin kuɗi, kuma shekara bayan shekara tana amincewa da kuɗin yaƙin da gagarumin rinjaye, da hujjar ba za a bar yara a fagen daga ba harsashi ba. Ba ta soke ƙudurin Tonkin ba sai a Janairu 1971, ba ta kafa dokar da ke tilasta wa shugaba sanar da ita cikin sa'o'i 48 da neman izini cikin kwana 60 ba sai a 1973. Morse da Gruening kuwa, duka biyun sun rasa kujerunsu tun a 1968.