A tsara sansanin 'yan gudun hijira daidai da buƙatar yaro

Duk wanda ya san zafin Maiduguri a watan Afrilu ya san yadda tantin tamfol yake zama da azahar. Zafi ya haura digiri 40, babba ya fita neman inuwar dogon yaro, amma jariri da yaron da zazzaɓi ya kwantar suna ciki, uwa tana musu fifita da kwali. Wallahi abin yana ci mini rai.

Ana kafa tantunan nan ne da tunanin wata biyu ko uku za a yi a koma gida. Ina! Sansanin Bakassi da ke Maiduguri ya haura shekara biyar kafin gwamnatin Borno ta rufe shi a 2021, kuma da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 nan ɗin aka sake kai jama'a. Akwai yaran da a cikinsa aka haife su, aka yaye su, har suka fara riƙe allo.

Gobara ce ta fi tayar mini da hankali. A Afrilun 2020 wuta ta tashi a sansanin Ngala, mutum 14 suka rasu. Bukkoki manne da juna, zana da leda, murhu a bakin ƙofa, ga iska. Babba zai ruga. Ɗan shekara uku da aka bari yana barci fa? Ƙa'idojin Sphere da ƙungiyoyin agaji ke aiki da su sun ce a bar aƙalla mita 2 tsakanin ɗaki da ɗaki, amma da zarar sababbin baƙi sun ƙaru, wannan tazarar ake fara cikewa. Ni a ganina gara a nemi ƙarin fili ko nawa ne, a kuma gina madafa ta ƙasa nesa da wurin kwana.

Sai banɗaki. Idan babu fitila a hanya, babu sakata daga ciki, yarinya za ta matse har gari ya waye saboda tsoro. Bakin masai ma manya aka auna, shi ya sa ƙanana suke tsugunawa a bayan tanti, damina ta zo kwalara ta biyo baya.

Maganin ba mai tsada ba ne, magina da iyayenmu mata sun san shi: bangon tubali, rumfar kara a saman rufi, taga biyu da ke kallon juna, labulen da zai raba budurwa da yayyenta maza. A zaunar da matan sansanin tun kafin a kafa dirka ta farko, su nuna inda rijiya da makaranta za su zauna.