Ciwon suga ba iri ɗaya ba ne, jama'a

Masoya Real Madrid, ku matso kusa. Nacho Fernández, kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin Zakarun Turai a Wembley a 2024, tun yana ɗan shekara 12 yake ɗauke da ciwon suga. Likitar da ta fara duba shi cewa ta yi ya haƙura da ƙwallo. Bayan 'yan kwanaki wani ƙwararren likita ya ce sam, motsa jiki ma yana cikin abin da zai taimake shi. Da allurar insulin ya yi duk wasannin nan da kuka kalla.

Na kawo shi ne don wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mun ɗauki ciwon suga abu guda: ciwon tsofaffi, masu tumbi da shan zaƙi. Alhali iri-iri ne, kuma cakuɗa su da muke yi yana janyo asarar rayuka.

Irin na Nacho shi ake kira nau'i na 1. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa inda jiki zai yi amfani da shi. Ba alewa ce ta jawo ba, ba sakacin uwa ba ne. Mai wannan nau'in ba shi da mafita sai allura kullum, har ƙarshen rayuwa. Ya fi kama yara, amma babba ma bai tsira ba. Theresa May, tsohuwar firaministar Birtaniya, ta haura shekara 50 kafin ya same ta, har likitoci suka fara zaton nau'i na 2 ne, sai da ƙwayoyi suka ƙi aiki aka gane gaskiya. Idan mai irin matsayinta a Ingila an yi mata wannan kuskuren, ina ga yaron ƙauye?

Wannan yaron shi ne damuwata. Ya fara ramewa, yana kwankwaɗar ruwa ba ya ƙoshi, ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. Sai a ce shawara ce, ko maleriya, ko sammu. A yi ta jiƙe-jiƙe har ya suma. Alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a gano matsalar cikin minti guda. Wallahi duk mai tallar maganin da ya ce wa iyayen irin wannan yaro su ajiye allura zai warkar da shi, ya ji tsoron Allah, rai yake wasa da shi.

Nau'i na 2 shi ne ya fi yawa, kusan kashi 90 cikin 100. A nan jiki na yin insulin, amma ba ya jin sa yadda ya kamata. Gado, ƙiba da yawan zama suna da hannu. Shi ne ɗan fim Tom Hanks ya bayyana yana da shi a 2013. Ana lallaɓa shi da gyaran abinci, tattaki da ƙwayoyi, wani lokaci har da allura. Akwai kuma wanda ke tasowa lokacin goyon ciki, abin da ya sa zuwa awo ba wasa ba ne.

A gida Najeriya, Obasanjo bai taɓa ɓoye cewa ya shekara da shekaru da ciwon suga ba, ga shi haifaffen 1937 yana ta harkokinsa. Na yaba masa, domin mu nan ɓoyewa ake yi, musamman budurwa, don gudun kada manema su watse.

Na sani, waɗannan duk masu hali ne. Talaka yana fama da tsadar insulin, ga rashin wutar da zai ajiye ta a firji, wasu sai dai su sa ta a randa. Shi ya sa nake kira ga gwamnoninmu da su sa na'urar gwajin suga a kowane ƙaramin asibiti, su kuma ɗauke wa yara masu nau'i na 1 kuɗin insulin gaba ɗaya.