A bar mutum ya tsayar da ƙiftawar manunin rubutun nan mana!

Wallahi abin da aka yi wa wata baiwar Allah jiya bai dace ba. Cewa ta yi manunin rubutu, ɗan layin nan mai ƙiftawa a allon kwamfuta, yana tayar mata da ciwon kai, ta tambayi yadda ake tsayar da shi. Iyakar laifinta ke nan. Sai samari suka yi mata caa, wannan ya ce rashin aikin yi ne, wancan ya ce ta rufe idonta mana. Haba jama'a! Wanda bai taɓa wuni a gaban baƙin allo ba, me ya sani a kan wannan?

Ni na yi aikin buga takardu da manhajar rubutu ta WordPerfect a zamanin DOS, tsohon tsarin gudanar da kwamfuta, tun safe har a kira magariba. In na tsaya tunanin jimla ɗaya, abin nan yana ta ƙif-ƙif-ƙif a gefen idona kamar mai bina bashi. Kuma a lokacin babu yadda za ka yi da shi. Kwamfutar IBM PC da ta fito a 1981, a jikin katin allonta aka gina ƙiftawar, ko katin MDA mara launi ne ko CGA mai launi. Manhaja tana iya ƙara wa manunin kauri, tana iya rage shi, tana iya ɓoye shi gaba ɗaya, amma ba ta da ikon ce masa tsaya cak. A kan CGA fiye da sau uku yake ƙiftawa a kowace daƙiƙa. Ku lissafa na awa takwas.

Kun san abin da mutane suka riƙa yi? Sai su ɓoye manunin na asali, su zana nasu ta hanyar juya launin gurbin harafin da ake kai, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Wasu har ƙananan manhajoji suka rubuta masu zama a ƙwaƙwalwar na'ura don wannan aiki kawai. Mutum zai hana idonsa barci a kan abin da bai dame shi ba? Damuwa ce ta gaske, an shekara fiye da 40 ana kuka da ita.

Kuma kada wani ya ce mini dole ce ta sa. Kwamfutar Commodore 64 ta 1982, manhaja ce ke ƙifta manuninta, mai rubuta shiri yana iya kashe ƙiftawar da sauya lamba ɗaya a adireshi na 204 na ƙwaƙwalwarta. Ashe zaɓi ne na wanda ya ƙera. Wani ya bar ƙofa a buɗe, wani ya toshe.

Na ga masu cewa ai ƙiftawar ce ke nuna maka inda ka tsaya. Mun ji. Don haka ma injiniya Charles Kiesling na kamfanin Sperry Rand ya nemi rajistar fasahar a 1967. Wa ya ce a cire ta? Mai so ya ci gaba da abinsa. Maganar ita ce a bai wa wanda ba ya so hanyar kashewa, shi ke nan. Ka'idojin WCAG na 2008, na sauƙaƙa wa masu lalura amfani da intanet, sun ce duk abin da ke ƙiftawa a shafin intanet fiye da daƙiƙa 5 a samar da yadda za a tsayar da shi. A Windows, saitin allon madannai yana da wurin rage saurin ƙiftawar har ta tsaya. Apple ma ta saka wannan zaɓi a iOS 18, manhajar wayar iPhone, a 2024. Duk waɗannan marasa aikin yi ne?

Malama, ki yi haƙuri, Allah ya ba ki lafiya. Ciwonki gaskiya ne, tambayarki kuma tana kan hanya.