Sabon likita a sashen yara: kafin ka ɗauki biro, nemi majo

A nan Faransa inda nake zaune, ƙananan likitoci suna sauya sashe sau biyu a shekara, farkon Mayu da farkon Nuwamba. Ran da mutum ya iso, a ba shi lambar shiga kwamfuta da ƙa'idojin sashen a rubuce. In ya zarce kima wajen rubuta magani, sau da yawa na'urar ce ke fara tsawata masa, ko mai kula da magunguna ya kira shi. Takwaransa da ya fito daga Jami'ar Abdou Moumouni, aka kai shi sashen yara a Yamai ko Tawa cikin Satumba, da wuya ya samu wannan gata. Gadaje sun cika da zazzaɓin damina, uwaye sun zuba wa hannunsa ido.

A ganina na'urarsa ita ce majo, shugabar ma'aikatan jinya. Ka gaishe ta kamar yadda za ka gaida yayarka, ka tambaye ta inda iskar oksijin take, wa ke riƙe da makullin maganin gaggawa da dare, ƙarfe nawa ɗakin gwaji ke daina karɓar jini. Likitan da ya shigo da girman kai zai koyi waɗannan duka, amma a kan yaron wani.

Wanda ya baro sashen manya, hannunsa ya saba da kwalba guda ga mutum guda. Wajen yara ma'auni ne gaba da komai. A ɗora yaro a sikeli, kada a ƙiyasta da ido. Artesunate na jijiya, maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, miligiram 2.4 ne a kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba 3 ake ba shi. Kwalbar miligiram 60 ana narka ta da mililita 1 na bikarbonat har ruwan ya washe, a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri, kowace mililita ta zama miligiram 10. Yaro mai kilo 10 ke nan mililita 3 ne rabonsa. Allurar farko nan take, ta biyu bayan awa 12, ta uku a awa 24. Ta biyun nan ita ce mai ɓacewa, domin tana faɗawa tsakar dare bayan an sauya masu gadi, wato ma'aikatan da ke bakin aiki. Abin da ya rage a kwalba kuma a zubar, ba ya kwana.

Yaron da ya suma ko yake jijjiga, a auna sukarinsa kafin a ce zazzaɓi ya hau kai. In abin awo ya ƙare, a ba shi ruwan sukari mai kashi 10, mililita 5 a kowane kilo. Tarko na biyu shi ne mai tamowa: idonsa ya faɗa, fatarsa ta yamutse, sai sabon likita ya saka masa ƙarin ruwa ya buɗe. Zuciyarsa ba ta ɗauka. ReSoMal, ruwan gishiri da sukari na masu tamowa, ta baki da madarar F-75 su ne hanyarsa, sannu a hankali.

Akwai inda namu suka fi. Likitan da ya yi damina ɗaya a Tawa yana gane ƙarancin jini daga tafin hannu kafin sakamako ya fito, abin da na nan Faransa ke jiran na'ura ta faɗa masa. Sai dai ya koyi "ina ke ciwo" da "tun yaushe" da Zabarmanci ko Tamashek, kuma ya tuna cewa, duk da an ayyana jinyar 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta tun 2006, takardar magani mai layi bakwai na iya ƙarewa a aljihun uba. Ya ja layi ƙarƙashin wanda ba ya jira.

Abin da nake so mu ara daga nan ba ya cin ko dala: miƙa aiki a rubuce. Mai sauka daga gadi ya bar takarda ɗaya, lambar gado, nauyin yaro, sa'ar allura ta gaba, da wanda ake jiran jininsa. Mai karɓa ya bi gadajen da ita a hannu kafin ɗan'uwansa ya cire farar riga.