Shinkafa ba ta jin "mota na bisa hanya"

Kwana 11 na yi ina zarya tsakanin gonata da shagon dillalin taki a noman ranin da ya wuce, kuma kullum maganar guda ce: "Malam, ka yi haƙuri, mota na bisa hanya." Ranar farko na karɓa da zuciya ɗaya. Rana ta uku na tambaye shi inda motar take, ya ce ta baro Mokwa. Rana ta shida ya ce ta lalace kafin Kontagora, ana nema mata kayan gyara. Rana ta tara ya daina ɗaga wayata. Kuɗina kuwa suna hannunsa tun kafin in fara wannan zarya, domin shi ne ya ce in ajiye, da zarar mota ta iso a ware mini buhu huɗu.

Wanda bai taɓa dasa shinkafa ba zai ɗauka kwana 11 ba wani abu ba ne. To ya zo fadamar Argungu ya gani. Shinkafa tana da lokacinta, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Akwai takin da ake ba ta bayan dashe don ta yi 'ya'ya ta rufe fangali, akwai kuma yuriyar da take nema daidai lokacin da za ta ɗauki ciki. Idan wannan lokaci ya kuɓuce, ko buhu goma ka juye mata daga baya sai dai ta yi maka ganye kore shar, amma yawan ƙwayar da zangarniya za ta ɗauka ya riga ya tsaya. Ina ji ina gani ganyen ƙasa ya fara rawaya daga baki. Kowace safiya in tsuguna a bakin fangali in kama tushe in duba, injin ban ruwa na shan fetur ɗin da na saya da tsada, ruwa na shiga, amma abin da shukar take kuka a kansa yana can cikin wata tirela da ban san ko akwai ta ba.

Kada wani ya ce me ya hana ni zuwa wani shago. Na je. Na shiga har Birnin Kebbi. Masu shaguna uku duk wannan amsar suka ba ni, kamar sun haɗa baki, na huɗun kuma yana da ragowar buhu biyu da ya farke yana aunawa da mudu a farashin da ko faɗarsa ba na so in yi.

Rana ta goma na tare shi a ƙofar sitonsa da sassafe. Na ce, "Alhaji, don girman Allah buɗe mini in gani da idona." Ya buɗe. Sito ne da zai ɗauki kayan tirela biyu ba tare da an matsa ba. An share shi tas. Katakon da ake jera buhuna a kai yana jingine a bango, sai wasu tsofaffin buhunan takin kamfa da babu komai a ciki an ɗaure su da igiya a kusurwa. Tsakiyar noman rani ke nan, a jihar da kowa ya san da shinkafa take tinƙaho, jihar da Shugaba Buhari ya zo har Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance. Babu buhu guda na yuriya a sito.

Bai yi mini ƙarya ba a ranar, wannan kam zan faɗa. Ya ce, "Malam, tsakani da Allah, kuɗin da ke cika sitona a da, yau kwatarsa ba sa cikawa. In na ci bashin banki na jibge kaya, ruwan ya cinye ni. In na ajiye, a ce ina ɓoye kaya. In farashi ya faɗi a kaina, wa zai biya ni? Wanda nake saye a hannunsa shi ma haka yake yi, sai ya tara kuɗin mota guda sannan ya yi oda." Na san akwai gaskiya a ciki. Dala da take kusan naira 460 kafin Yuni 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen shekarar. Amma ku dubi abin da maganar tasa take nufi. Shi ya tsare jarinsa, na sama da shi ya tsare nasa, kamfani ya tsare nasa. Kowa ya ture haɗarin zuwa ga na ƙasa da shi, har ya iso kaina, ni kuma babu wanda ke ƙasa da ni sai shinkafa. Da kuɗina aka yi odar, kuma a gonata aka yi asarar. Wane irin ciniki ne wannan?

Wannan ɗabi'a ta "sai an nema a kawo" ba a kasuwarmu aka ƙirƙiro ta ba. Kamfanin Toyota na Japan ne ya shahara da ita bayan yaƙin duniya na biyu, ƙarƙashin wani injiniyansu Taiichi Ohno. A ganinsu kayan da ke kwance a sito kuɗi ne da aka ɗaure, don haka kowane ƙarfe ya iso masana'anta daidai lokacin da za a ɗaura shi. Ya yi musu aiki domin masu kawo musu kaya suna kusa da su, hanya lafiya lau, kuma in an ce ƙarfe takwas to ƙarfe takwas ne. Duniya ta kwaikwaya. Mu ma muka kwaikwaya, ko in ce talauci da tsadar bashi suka tura 'yan kasuwarmu ciki, amma muka ɗauko rabin da ya shafi barin sito fayau, muka bar rabin da ya shafi hanya da cika alkawari.

Ku auna hanyar da buhun taki ko tankar mai ke bi kafin ta iso mana. Manyan masana'antun yuriya suna Fatakwal da Legas. Daga Legas sai Ibadan, Ilori, gadar Jebba, Mokwa, Kontagora, Yawuri, Koko, Jega, sannan Birnin Kebbi, fiye da kilomita 800, kuma duk direban babbar mota ya san abin da ke tsakanin Mokwa da Kontagora. A watan Yuni na 2017 gadar Tatabu da ke kusa da Mokwa ta karye, manyan motoci suka yi cirko-cirko. A ƙarshen Mayu na 2025 ambaliya ta afka wa Mokwa, ta ci rayuka masu yawa, ta lalata hanyoyi. Gada guda ce take tsakaninmu da abincin shukarmu, amma an ce kada a ajiye komai a wannan gefen gadar. Akwai babbar ma'ajiyar mai a Gusau da aka gina don bututu ya riƙa kawo mai daga matatar Kaduna, matatar kuwa ta yi shekara da shekaru ba ta tace komai, shi ya sa kowace litar da injina ke sha sai ta hau bayan mota daga bakin teku.

Kuma ba sau ɗaya aka gwada mu ba, balle a ce ba a sani ba. A watan Nuwamba na 2019 an hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, mutanen Kamba suna sane da yadda suka sha. A Fabrairu 2022 an shigo da gurɓataccen fetur, aka janye shi daga kasuwa, ƙasa gaba ɗaya ta shiga layi makonni, domin babu wata ajiya da za ta toshe gurbin. A watan ne kuma yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, sinadarin fotash da ake haɗa kamfa da shi ya yi wuya, tunda Rasha da Belarus suna cikin manyan masu fitar da shi. 'Yan'uwanmu na Zamfara sun ga tasu a Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. A farkon 2023 takardar kuɗi kanta ta ɓace daga hannun mutane, mai kuɗi a banki ya kasa sayen mudun gero. Juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 ya rufe mana iyaka har zuwa Maris 2024. Kusan kowace shekara da tata, kuma kowane karo sai a yi kamar abin daga sama ya faɗo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu tsarin na asali sun ɗauki darasi. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011 a Japan, Toyota ta umarci masu kawo mata wasu muhimman kayan lantarki su riƙa ajiye na watanni. Da jirgin ruwan nan Ever Given ya tokare mashigin Suwez kwana shida a watan Maris na 2021, ga kuma annobar korona, manyan kamfanonin duniya suka koma lissafin abin da ya kamata a ajiye. Masu jiragen ruwa da titunan zamani sun yarda cewa hannu baka hannu ƙwarya haɗari ne. Mu da ke ƙarshen hanyar Kontagora mu ne muka riƙe shi gam.

Gwamnati ma ba ta tsira ba. A Fabrairu 2024, da tsadar abinci ta kai mutane bango, an ba da sanarwar fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunan ƙasa. Ku raba wa mutum fiye da miliyan 200, kowa bai samu kwatan kilo ba. A watan ne kuma aka rufe wasu sito-sito a kasuwar Dawanau ta Kano bisa zargin ɓoye kaya. Ɓoye abinci don a matsa wa jama'a haramun ne, babu mai jayayya, kuma duk wanda aka kama da hakan ya fuskanci hukunci. Amma dole a bambanta wanda ya kulle sito yana jiran mutane su galabaita da wanda ya tanadi kayan wata biyu yana sayarwa kullum ƙofa a buɗe. In an haɗa su a kwando ɗaya, ɗan kasuwa mai tsoron Allah sai ya zaɓi ya bar sitonsa babu komai, ya huta.

Na tashi na ga rumbuna uku a gidan kakanmu. Ɗaya ake ci, ɗaya na iri da baƙo, na ukun kuwa an liƙe bakinsa da laka, ba a taɓa shi sai sabon hatsi ya shigo gida an tabbatar da shi. A dami ake zuba geron, da zangarniyarsa, yadda Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar shawara. Kakan namu ya ga farin 1973, shi ya sa ko ɗansa na cikinsa bai isa ya fasa wannan rumbu don biki ba. Na sani yau a ƙauyuka da yawa na Zamfara da yankin Zuru ajiye hatsi a rumbu ya zama kasada, 'yan bindiga na ƙonawa ko su kwashe, mutane na sayarwa tun a kaka don dole. To wannan ai shi ne dalilin da ya sa ya kamata a samu ajiya a cikin gari, inda akwai tsaro. An kashe rumbun ƙauye, ba a gina na birni ba.

Masu cewa "kowa ya yi tanadi" suna ba ni haushi idan suka faɗe ta daga cikin ofis. Fetur da yake ƙasa da naira 200 ya haura 500 cikin 'yan kwanaki bayan 29 ga Mayu 2023. Mutumin da ke auno mudu ɗaya da yamma bayan ya dawo daga ƙwadago, da me zai yi tanadin wata uku? Shi ya sa nake cewa nauyin yana kan mai sito da mai jari da hukuma tukuna. Duk dillalin da zai karɓi kuɗin manomi, ya zama kayan suna ƙasa, ko ya rubuta ranar da zai kawo, in ta wuce ya mayar da kuɗi a ranar. Jiha kuma ta sauke takin rani a ƙananan hukumomi tun watan Nuwamba, kafin a yi dashe. Rabon taki bayan shinkafa ta fitar da kai, da 'yan jarida da ɗaukar hoto, ba taimako ba ne.

Duk da haka ban zauna ba, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Da kaka ta yi, mu bakwai masu maƙwabtaka a fadama muka haɗa kuɗi daga shinkafar damina, muka sayi takin rani gaba ɗaya, kuma ba mu miƙa ko kwabo ba sai da muka ga an ɗora buhunan a mota. Nawa suna ɗakin zaure, a kan katako, nesa da bango, baki a ɗaure, domin yuriya tana jan laima ta dunƙule ta zama dutse. Na sayi fulogi biyu da man juye da tiyo na injin ban ruwa na ajiye. Maganin hawan jinin mahaifiyata na fara saye da rarar wata guda, ina duba ranar lalacewarsa a jikin kwali. Fetur kam ba na tara shi a gida, kuma ina roƙon kowa kada ya yi, jarka a ɗakin da ake girki ta hallaka gidaje da yawa. Biyu daga cikinmu sun mayar da injinsu na gas, ɗaya ya kai ga sola, saura muna tarawa.

Mu bakwai ne muka iya. A gefen gonata akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, tana noma rabin eka da 'ya'yanta maza biyu. Ta sayar da shinkafarta tun a masussuka don biyan bashin bara, ba ta da abin zubawa a haɗakarmu. Shekaranjiya na haɗu da babban ɗanta yana fitowa daga wannan shagon dai, hannu a aljihu. Na ce, "Yaro, an samu?" Ya ce, "Baba, mun ajiye kuɗin, ya ce mota na bisa hanya." Shinkafarsu saura mako guda ta ɗauki ciki. Na ce ya zo da mudu da yamma in auna masa daga nawa, in tasu ta iso ya mayar, kuma gobe da safe ni da shi za mu koma shagon, a ba su takinsu ko a ba su kuɗinsu.