Tsohuwar V7 da sabuwa: ni dai hannuna ya riga ya zaɓa

Jiya bayan mun tashi daga gwajin waƙa a Wusasa gardama ta kaure tsakanina da wani yayanmu wanda shi ya fara ɗora min yatsu a kan jitar bes, har aka kashe janareta aka rufe ƙofa muna tsaye a waje bamu gama ba. Abun da ya jawo, wani yaro ne daga Sabon Gari ya tara 'yan kuɗinshi yana son jitar bes ɗin nan Sire Marcus Miller V7, ya samu guda biyu duk na hannu, ɗaya zubin farko ɗaya zubi na biyu, mai ta farkon kuma ya ƙi rage ko sisi wai ai kayan da sun fi ƙarko. Yaya yace gaskiyar mai kaya ne. Nace Yaya kayi haƙuri, yau kam ban bi ka ba.

Ga wanda bai san zancen ba, Marcus Miller makaɗin bes ne ɗan Amurka, an haife shi 1959, yayi aiki da Miles Davis, kuma duk yaron da kaji yana dukan tsirkiya da babban yatsa yana fizgo ta da manuni, wato silaf, a coci ko wajen biki to da wuya in ba sautin mutumin nan yake nema ba. Jitar da aka san shi da ita Fender Jazz Bass ce ta 1977 da aka ƙara mata firi'amf a ciki, wato 'yar na'urar nan mai batir da ke ƙara sauti tana gyara shi. Fender sun daɗe suna yin mai sunanshi, daga baya ya koma wajen kamfanin Sire, a 2015 aka fito da V7 ƙirar Indonesiya, niyyar kuma ita ce mai ƙaramin ƙarfi ma ya samu. Lokacin dala tana wajen naira 200, kar ku tuna min. A 2018 suka sake zubi, to waɗannan biyun muke ta musu a kai.

Na riƙe tsohuwar shekaru, sabuwar kuma ina kaɗa ta wani abokina duk sanda aka haɗa mu aiki, saboda haka ba labarin YouTube nake baku ba. Bambancin da ya fi komai yana wuya ne. Tsohuwar bayan wuyanta fenti ne mai sheƙi, kyau kam a ido ba magana, amma ku da kuka san zafin Zariya a watan Maris da Afrilu, ga fanka ta tsaya ga mutane cike ga gumi na bin hannu, babban yatsa sai ya dinga mannewa kamar ka taɓa alewa, kana son zamewa daga firet na uku zuwa na goma sha biyu, ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan, hannu na ja maka birki. Sabuwar sun bar bayan wuyan ba sheƙi, sumul, ko da gumi hannu tafiya yake. Sai gefen allon da yatsu ke takawa, sun goge kaifin sun mulmule shi, ka kama kaji kamar ƙotar fartanya da ta sha hannu shekara goma. In awa uku zaka yi a tsaye kana raka mawaƙa, wannan ɗan mulmulewar ba ƙaramin abu bane wlh.

Akwai kuma lanƙwasar allon. A mai tsirkiya huɗu tsohuwar inci 7.25 ce, sabuwar 9.5, yadda lissafin yake in lambar ta ƙaru allon ya fi shimfiɗewa kenan. Amfanin shine zaka iya sauko da tsirkiya kusa da firet ba tare da tana zizar nan mai ban haushi ba, masu silaf sun san me nake nufi. Yaya yace shi ƙundumin allon tsohuwar ya fi zauna mishi a tafi, kuma ban musa ba, mutum da hannunshi. Amma sabo ne, ba ƙarko ba.

Inda na sara mishi shine katakon allo. Tsofaffin masu baƙin allo rozwud ne, sababbin kuma eboni, ɗan uwan kanyar nan tamu. A Janairun 2017 CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta tsaurara cinikin rozwud tsakanin ƙasashe, kamfanonin jita da yawa suka koma wasu itatuwa, a lokacin ne ma madobiyarmu da ake ta sarewa ana lodawa waje ta shiga jerin. Eboni ya fi tauri kuma ya fi santsi, sai dai baya shiri da bushewar iska, rozwud kuwa yana da ɗan maiƙonshi. Mu da hunturu ke fasa mana leɓe da diddige daga Disamba zuwa Fabrairu, katako ma haka yake ji, ya tsuke, bakin firet ya leƙo yana kartar yatsa, wuya ya motsa sai an taɓa ƙarfen da ke cikinshi mai miƙar da shi. Duk mai eboni a garin nan ya dinga shafa ma allon ɗan mai yana mayar da ita jaka, kar ya barta jingine jikin taga. Wannan maki ɗaya na Yaya ne, na bashi.

Sauti fa? Nan ne mutane ke cika baki. Eh sun canza fikof, wato abun da ke ɗauko sautin tsirkiya, a sabuwar, in ka zauna ɗaki shiru da amf mai kyau zaka ji ta ɗan fi washewa. Amma firi'amf ɗin Heritage-3 ne a duka biyun, batir biyu masu bolt 9 wato 18, maɓallan nan birjik har da na zaɓen inda kake son tsakiyar sauti ta fito. Ka murɗa ɗaya kaɗan ka riga ka shafe bambancin fikof ɗin. Balle a ce an jona ka a miksa, mai kibod na danna hannun hagu kamar da gayya, mai ganga baya jin kira, sifika ɗaya ta fashe tun Kirsimetin bara. Wa zai tsaya a nan yace wannan zubin 2015 ne? Mafi yawan masu cewa tasu tafi zaƙi tsirkiyarsu ta shekara biyu, an dafa ta a tukunya sau uku don ta farfaɗo. Sa ma kowacce sabuwar tsirkiya tukuna sai muyi magana.

Nauyi kuwa duk kanwar ja ce, ka nemi maɗauri mai faɗi kawai. Batir ma haka, ni na taɓa barin waya a jone kwana huɗu, muna tsakiyar rakiyar amarya a Samaru sauti ya fara shaƙewa, Allah ya taimake ni da ɗan makunnin nan da ke mayar da ita ba batir, na ƙarasa a haka ba wanda ya lura sai mai ganga. Laifina ne, kuma makunnin yana jikin tsohuwa yana jikin sabuwa.

Shi yasa nace ma yaron, ƙanena, in kuɗin ɗaya ne ɗauki sabuwar kar ka tsaya dogon tunani. Tsohuwar jita ce mai kyau, in an rage maka sosai kuma ka duba wuyan a miƙe yake, firet basu cinye ba, maɓallai basa ƙarar yashi, to ɗauka ka sa canjin a tsirkiya da waya mai kyau. Amma a ce ka biya ƙari don ta tsufa, ba Fender ta 1977 bace, kayan masana'anta ne da aka yi dubbai.

Yaron yace Asabar zai je ya ɗauko. Nace ya biyo da ita mu saita wuyan kafin hunturu ya kankama. Yaya na kan mashin yana shirin tayarwa ya juyo yace a fara kawo mishi ya taɓa.