Baba Kofur ya tafi, wa ya rage a layinku?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya bayan La'asar muka kai Baba Kofur makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Shi kansa bai riƙe ranar haihuwarsa ba. In an tambaye shi sai ya ce shekarar da aka naɗa Sarki Alhaji, wato Sarkin Kano Abdullahi Bayero, 1926 ke nan. A lissafin wata ya haura ɗari. Yana ɗan saurayi aka ɗauke shi soja, aka horar da shi a Zariya, a 1943 aka loda su a jirgin ruwa sai Indiya, daga can sai dajin Bama, yaƙin da tsofaffi ke kira yaƙin Hitila ko da yake su da Japan suka kara. Yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta ratsa kwarin Kaladan, inda babu hanyar mota, kaya a ka ake ɗauka, abinci kuma daga jirgin sama ake jefo musu. Barikin Myohaung da na Arakan da ke Legas, daga wuraren da suka yi gumurzu aka samo sunayensu. Mu dai sunaye muke ji. Shi kuwa ruwan saman can ya sani, da matsattsaku, da abokan da aka binne babu likkafani.

Amma ku ji abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutu. A wajen jana'iza, babu mutum ɗaya da ya ambaci lambobin yabonsa. Ladan ya ce shekara arba'in da wani abu, in ya zo buɗe masallaci da asuba, Baba yake tararwa a bakin ƙofa da butarsa. Mai shagon kan kwana ya ce bai taɓa kwana da bashinsa ba. Wata dattijuwa daga cikin gida ta aiko a faɗa cewa marayunta uku a tukunyarsa suka girma, kuma ko sau ɗaya bai goranta musu ba. Yaƙin shekara uku ne. Abin da mutane suka shaida shi ne shekarun da suka biyo baya.

An tambayi Manzon Allah (SAW) wane ne mafi alherin mutane, ya ce wanda ransa ya yi tsawo kuma aikinsa ya yi kyau. Aka ce wane ne mafi sharri, ya ce wanda ransa ya yi tsawo aikinsa ya munana. Tirmizi ya ruwaito. Mu kuwa kullum addu'armu Allah Ya ja kwana, Allah Ya ba da tsawon rai, rabin hadisin muke roƙo mu bar rabi. Alhali a Bukhari an ce wanda Allah Ya jinkirta masa har ya kai sittin, to an yanke masa hanzari. Duk shekarar da aka ƙara maka, hujja ce, ko taka ko a kanka.

Da ya dawo gida, babu wanda ya shimfiɗa masa darduma. Gadi ya kama, zamanin dalar gyaɗa, dare yana tsaron kayan mutane, in damina ta faɗi gari na wayewa ya saɓa fartanya. Da wannan ya aurar da 'ya'ya, ya kai su makarantar allo da ta boko. Fansho kuwa, ku bar zancen. Kowa ya san yadda 'yan mazan jiya ke wahalar layi. Na taɓa karanta masa hadisin idanu biyu da wuta ba za ta shafa ba, idon da ya yi kuka don tsoron Allah da idon da ya kwana yana tsaro saboda Allah, ina nufin in faranta masa. Sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, wancan yaƙin na Bature ne, ba zan ci da shi a wurin Ubangiji ba. Ka roƙa mini dai ido na farkon." Malamai da yawa ba su koya mini abin da wannan amsar ta koya mini ba.

A gida fa ba mala'ika ba ne. Yana da zafi, in ya ce ƙarfe bakwai to ƙarfe bakwai ne, jikoki na ganin sandarsa suke nutsuwa. Sai dai lokacin da matarsa Iya ta kwanta ciwon da ya zama ajalinta, shi da ya kusa casa'in, shi yake dama mata koko da hannunsa, ya hana surukai. "Mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa." Maza, muna son a yabe mu a majalisa, a je a tambayi matanmu mana.

Yanzu laifinmu. Shekarun ƙarshe ƙafa ta ƙi, ido ya dushe, kamar yadda Allah Ya faɗa a Suratur Rum aya ta 54, bayan ƙarfi sai rauni da furfura. Yana zaune a zaure a kan buzunsa, mu wuce da babur, mu ɗaga hannu, "Baba barka da hutawa," ko tsayawa ba ma yi. Ni da nake wannan wa'azin, rabona da in zauna gabansa tun ƙaramar sallah. Jiya kuwa layi ya cika maƙil, har da masu ɗaukar hoto su sa a Facebook. Da rubu'in mutanen nan sun riƙa leƙo shi da rai, da bai yini yana hira da rediyo ba. Annabi (SAW) ya ce ba ya tare da mu wanda ba ya tausayin ƙaraminmu kuma bai san girman babbanmu ba.

Akwai tsoho a layinku, ko a cikin gidanku ma. Wataƙila ya yi Kwango a 1960, ko yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ko Laberiya, ko kuma bai taɓa riƙe bindiga ba, garma kawai ya sani. Kada ka jira 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni a Abuja. Yau bayan Magariba ka sayi goro ko lemo, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka tambaye shi jiki, ka bar shi ya maimaita labarin da ka ji sau goma.

Allah Ka gafarta wa Baba Kofur, Ka yalwata kabarinsa, Ka haɗa shi da Iya a Aljanna. Yau da asuba ladan ya zo buɗe ƙofa, ya ɗan tsaya da makulli a hannu kafin ya tuna.